Inda aka kwana: aikin ɗan littafin Reg Saunders

6 ga Janairu 2025

Magana ta zauna. Ɗan littafin da zan rubuta wa ɗaliban sakandare a bana zai kasance a kan Reginald Walter Saunders, sojan ƙasa na Ostireliya wanda ya yi Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo, ya sake ɗaura ɗamara ya tafi yaƙin Koriya. Shafi sittin nake so, da taswirori, da Hausar da yaron aji huɗu zai karanta ba tare da ya nemi malami ba. A nan zan riƙa ajiye bayanin yadda aikin ke tafiya.

Yawancin yaranmu in an ce Ostireliya, Turawa kawai suke hangowa. Ba su san cewa lokacin da jiragen ruwan Ingila suka isa can a 1788, mutane suka tarar, baƙaƙen fata masu harsunansu da ƙasarsu, waɗanda suka shafe dubban shekaru a wurin. Saunders jikan waɗannan mutane ne, ɗan ƙabilar Gunditjmara ta yammacin jihar Biktoriya. An haife shi ran 7 ga Agusta 1920 a Framlingham, ɗaya daga cikin yankunan da gwamnati ta killace wa 'yan asalin ƙasar. Ya kai muƙamin kyaftin, ya ba Turawa umarni a fagen fama sun bi, sannan ya koma gida ya rasa aikin kirki. Wannan ne abin da ya ja ni gare shi.

19 ga Janairu

Babi na ɗaya ya kammala. Gidansu gidan soja ne tun kafin a haife shi. Mahaifinsa, Chris Saunders, ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya a rukunin masu bindiga mai jigida. Sunan Reginald kuwa na kawunsa ne, William Reginald Rawlings, wanda ya samu lambar jarumta a Faransa aka kashe shi a can cikin watan Agusta 1918, saura wata uku a tsagaita wuta. Mahaifiyarsa ta rasu a 1924 yana ɗan shekara huɗu, suka tashi shi da ƙaninsa Harry a Lake Condah, wani tsohon mazaunin mishan, tsakanin hannun kakanni da na uba.

Ya bar makaranta yana da shekara goma sha huɗu, ya shiga aikin katako. Daga baya shi da mahaifinsa da Harry suka buɗe nasu wurin yankan katako, gobarar daji ta 1939 ta cinye. Na ba wannan gobara sakin layi guda cikakke, domin yaro ya gane cewa mutumin da ya shiga soja a 1940 ya riga ya san dawa, ya san gatari, ya san yadda ake wayar gari babu komai.

2 ga Fabrairu

Gajeren babi, amma akwai abu a ciki. Ya sa hannu ya shiga soja ran 24 ga Afrilu 1940. A watan Mayun da ya biyo baya hukumar sojan ƙasar ta fitar da umarni cewa ɗaukar waɗanda ba jinin Turai ba ne ba shi da amfani kuma ba a so. Da ya yi jinkirin 'yan makonni, da wataƙila an mai da shi daga bakin ƙofa.

A sansanin horo ba a daɗe ba aka ɗaura masa igiya ɗaya, cikin wata uku ya zama saje mai igiya uku. Da aka tura shi Gabas ta Tsakiya a matsayin ƙarin mutum ga bataliya ta 2/7, sai aka kwance igiyoyin ya koma farabiti, kamar yadda ake yi wa duk sabon zuwa. Ya tarar da bataliyar a Libiya a farkon 1941.

23 ga Fabrairu

Makonnin nan duk a kan Girka da tsibirin Kirit suka ƙare. Gidan tarihin yaƙi na Ostireliya da ke Kanbera ya sa kundin yau da kullum na bataliyoyinsu a intanet, kuma karatunsa sai da haƙuri, musamman in sabis ya yi rauni shafi ya tsaya rabi.

A watan Afrilu 1941 aka kai su Girka don tare Jamusawa, abin bai yi kyau ba, aka yi ta ja da baya har bakin teku a Kalamata. Jirgin ruwan da ya ɗauke su, Costa Rica, jiragen saman Jamus suka yi masa ruwan bama-bamai ran 27 ga Afrilu. Kafin ya nutse, jiragen yaƙin Ingila suka matso suka kwashe mutanen, aka sauke su a Kirit, da yawansu ba kayan aiki. Ran 20 ga Mayu sojojin laima na Jamus suka fara sauka a tsibirin.

Na zana taswirar da hannu a kan takardar kwali, na sa Hanya ta 42 da jan biro. Wata turba ce ta ƙasa, mai ɗan zurfi, da ta ratsa gonakin zaitun kusa da garin Chania da mashigin Suda. A nan, da hantsin 27 ga Mayu, bataliya ta 2/7 da 'yan Niyu Zilan, har da bataliya ta 28 ta Maori, wato 'yan asalin Niyu Zilan, suka kafa wuƙaƙe a bakin bindiga suka tashi gaba ɗaya suka auka wa sojojin dutse na Jamus, suka kora su fiye da kilomita guda. Bataliyar Saunders ta rasa mutum 10, wasu 28 suka ji rauni.

Akwai wani abu da shi da kansa ya faɗa daga baya, wanda na ƙudura sai ya shiga littafin. A ranar ya harbe wani Bajamushe da ya miƙe a gabansa, shi ne mutum na farko da ya tabbata ya kashe. Da ƙura ta lafa ya je ya juya gawar, ya ga saurayi ne kyakkyawa mai farin gashi, ya ji inda hali zai ce masa tashi mu ci gaba, kamar yadda ake ce wa abokin karawa da ya faɗi a filin ƙwallo. Wani abokina ya ce in cire, wai ya yi wa yara nauyi. Ni a ganina yaran da ke kallon yaƙi a waya kullum kamar wasa sun fi kowa buƙatar jin wannan.

9 ga Maris

Azumi ya kama, don haka rubutun ya koma bayan asham. Na shiga babin da nake ganin shi ne ƙashin bayan littafin.

Bayan faɗan Hanya ta 42, rundunar ƙawance ta ratsa Fararen Duwatsu zuwa Sfakia a gaɓar kudu, inda jirage ke zuwa da dare suna kwasar mutane zuwa Masar. Bataliya ta 2/7 aka bari a baya ta tsare hanya don sauran su wuce. Suka tsare. Da suka sauko bakin ruwa a daren ƙarshe, jirage sun cika. Kwamandansu, Laftanan Kanar Theo Walker, ya samu wuri, amma da ya ga ba za a ɗauki yaransa ba sai ya sauko ya tsaya tare da su. Ran 1 ga Yuni dubban sojoji suka miƙa wuya a wurin.

Saunders bai miƙa ba. Ya sulale ya hau duwatsu, ya yi wata goma sha ɗaya a tsibirin da ke hannun abokan gaba. Ya ajiye kaki ya sa tufafin manoman Kirit, ya koyi Girkanci, yana kwana a kogo yau, gobe a bukkar makiyaya. A ƙauyen Labini, kudu da Rethymno, wata mata da 'ya'yanta suka riƙa ciyar da shi da abokan ɓuyansa.

Abin da nake so yaro ya fahimta shi ne farashin wannan abinci. Ran 2 ga Yuni 1941 Jamusawa suka tara mazan ƙauyen Kondomari suka harbe su. Kashegari suka ƙone Kandanos ƙurmus. Kowane gida a tsibirin ya ji labari. Duk matar da ta ɗauko burodi da zaitun ta nufi bayan gari da su ta san abin da za a yi wa 'ya'yanta in an gane. Kuma mutumin da take kai wa ba ɗan'uwanta ba ne, ba addininsu ɗaya na gado ba, ba launinsu ɗaya ba, ƙasarsa ma ba lallai ta iya nuna ta a taswira ba. Su kansu a lokacin yunwa suke ciki. Duk da haka suka riƙe baƙonsu, suka rufa masa asiri har ƙarshe. Shi kuma har tsufansa bai daina yabon mutanen Kirit ba.

A watan Mayu 1942 aka fitar da shi a asirce ta teku tare da wasu, ya isa Ostireliya kafin shekarar ta ƙare.

Na ba wannan babi shafi goma sha biyu cikin sittin. Ya fi kowanne tsawo kuma haka zan bar shi.

22 ga Maris

Bayan la'asar na kai wa Baba Saje abin da na rubuta. Tsohon soja ne a unguwarmu, ya daɗe da ritaya, mahaifinsa kuma yana cikin waɗanda aka kai Bama a zamanin Turawa. Yana zaune a kan buzunsa a zaure, rediyo a gefe an rage murya, na durƙusa na gaishe shi na fara karantawa. Bai katse ni ba sai da na zo inda aka kwance wa Saunders igiya.

Ya ce, “Tsaya, ɗana. Ka rubuta ya koma kurtu?”

Na ce, “A'a Baba, farabiti na sa.”

Ya ce, “Madalla. Kurtu wanda bai gama horo ba ne. Wannan ya gama.”

Da na gaya masa cewa gaba za a ba mutumin anini, ya zama hafsa, sai ya cire gilashinsa ya ajiye a kan gwiwa. Ya ce a bataliyar mahaifinsa baƙin mutum komai ƙwazonsa iyakarsa samanja, anini na Bature ne. Ya tambaye ni shekarar, na ce 1944. Ya ce a shekarar nan mahaifinsa na cikin dajin Bama yana fama da Japanawa. Haka ne kuwa: runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suna Kaladan da Arakan a daidai lokacin da Ostireliya ke faɗa da abokin gaba guda a Niyu Gini. Barikin Chindit da ke Zariya ma daga wancan yaƙi ya samo sunansa. Zan sa wannan a ɗan akwati a gefen shafi, layi shida, don yaro ya san kakanninsa ma suna cikin wannan yaƙi. Ba zan faɗaɗa ba, littafin na Saunders ne.

Na tashi tafiya ya ce in dawo masa da babin Koriya bayan salla.

6 ga Afrilu

An sha salla, an dawo bakin aiki. Babin Niyu Gini.

Harry ya bi sawun wansa ya shiga soja, ya faɗa bataliya ta 2/14, wadda ta sha wuya a turbar Kokoda. An kashe shi a Gona ran 29 ga Nuwamba 1942, wato 'yan makonni bayan Reg ya dawo gida daga ɓuyan Kirit. Uban da ya yi kusan shekara bai san ko babban ɗansa na raye ba, ya same shi, sai ya rasa ƙaramin.

Reg ya koma bataliyarsa a 1943, ya yi yaƙin Wau da Salamaua yana saje. Daji ne mai ruwa da laka da zazzaɓin cizon sauro, kuma a nan ƙwarewarsa ta sintiri da kwanton ɓauna ta fito fili har kwamandansa ya ba da sunansa a kai shi makarantar hafsoshi. Maganar ta kai har gaban babban kwamandan sojan ƙasar, Janar Thomas Blamey, ya amince. Zazzaɓi ya yi ta kwantar da shi a lokacin kwas ɗin, amma ya kammala a garin Seymour na jihar Biktoriya ran 25 ga Nuwamba 1944.

Akwai hoton wannan rana da nake son samun izinin bugawa. Mutum biyu cikin kaki da hular nan mai faɗin baki ta sojan Ostireliya, suna musabaha suna murmushi: Saunders da Tom Derrick, wanda ya riga ya samu lambar Victoria Cross, mafi girma a daular Ingila. Tanti ɗaya suka kwana a lokacin kwas. Derrick bai ga ƙarshen yaƙin ba, an kashe shi a tsibirin Tarakan, kusa da Borneo, cikin Mayu 1945. Saunders kuwa ya koma Niyu Gini yana laftanan, ya jagoranci rukuninsa a yaƙin Aitape da Wewak, harsashi ya same shi a gwiwa, ya warke ya koma.

An daɗe ana cewa shi ne ɗan asalin ƙasar na farko da ya zama hafsa. Binciken baya-bayan nan ya fito da sunan Alfred Hearps na Tasmaniya, wanda ya zama hafsa a Yaƙin Duniya na Ɗaya aka kashe shi a Faransa a 1916. Don haka na rubuta cewa Saunders ne na farko da aka ba muƙamin ana sane da ko shi wane ne, kuma na ambaci Hearps da sunansa. Haƙƙinsa ne.

13 ga Afrilu

Shekara biyar tsakanin yaƙi da yaƙi. Wannan babi ya ɓata mini rai.

An sallame shi a Oktoba 1945. Ya nemi shiga rundunar da za ta je zaman mamaya a Japan, aka ce ba a ɗaukar 'yan asalin ƙasar, ya fito fili ya soki wannan tsari. A Melbourne mutumin da ya jagoranci sojoji a daji ya zama kwandasta a jirgin ƙasa na cikin gari, ya yi aiki a masana'antar narka ƙarfe, ya yi akawu a harkar jiragen ruwa, yana zaune da iyalinsa a matsattsen ɗakin haya. Aikin hannu ba abin kunya ba ne. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da aka yi da ƙasa. Gwamnati na da shirin raba wa tsofaffin sojoji gonaki, kuma filayen Lake Condah, inda ya tashi, inda danginsa suke, an yanka su an raba wa tsofaffin sojoji Turawa. 'Yan Gunditjmara da suka yi yaƙin nan guda ba su samu ba.

Sai a 1949 doka ta ba tsofaffin sojoji 'yan asalin ƙasar damar zaɓen tarayya a duk jihar da suke, ba a kuwa ba dukkan jama'arsu wannan dama ba sai 1962.

Na cire duk wata kalmar zafi daga babin, na bar abin da ya faru kawai a jere. Yaro ba wawa ba ne, zai yi lissafinsa.

25 ga Afrilu

Yau ce ranar da Ostireliya da Niyu Zilan ke tunawa da sojojinsu, ranar da suka sauka a Gallipoli ta ƙasar Turkiyya a 1915. Na yi niyya na kammala babin Koriya a yau.

Yaƙi ya ɓarke a Yuni 1950, ya koma soja a watan Agusta, ya isa Koriya a Nuwamba ya shiga bataliya ta 3 ta rundunar Ostireliya. Cikin 'yan watanni ya zama kyaftin mai riƙe da kamfanin C, mutum ɗari da wani abu a ƙarƙashinsa. A Afrilu 1951 suna hutawa a baya, suna shirin bikin wannan rana, har sun gayyaci sojojin Turkiyya, jikokin waɗanda kakanninsu suka gwabza da su a Gallipoli. Sai Sin ta ƙaddamar da babban farmaki ran 22 ga wata, runduna ta 6 ta Koriya ta Kudu ta watse, hanyar Seoul ta buɗe ta kwarin Kapyong.

Aka ɗora 'yan Ostireliya a tudu mai lamba 504, 'yan Kanada a mai lamba 677, igwar Niyu Zilan a baya, tankokin Amurka a kan hanya. Daga daren 23 zuwa yammacin 24 Sinawa suka yi ta zuwa ayari bayan ayari, har suka kutsa bayan layi suka raba kamfanoni da hedikwatar bataliya. Manjo Ben O'Dowd ya riƙe kamfanonin a kan tudun, sannan ya janye su ɗaya bayan ɗaya cikin tsari. Bataliyar ta rasa mutum 32, an raunata 59, an kama 3. Farmakin ya tsaya a nan, kuma shugaban Amurka ya ba bataliyar lambar yabo. Saunders ya ce a ranar ce ya ji shi ma ya shiga sahun mazan Gallipoli.

A Oktoba 1951 ya kuma halarci faɗan Maryang San. An ruwaito cewa wani hafsa Bature ya dubi tsaunukan ya ce wannan ba ƙasar farin mutum ba ce, Saunders ya amsa masa da cewa ba ta baƙin mutum ba ce ita ma.

11 ga Mayu

Babin ƙarshe ya zo da sauƙi. Ya bar soja a 1954, ya koma katako a Gippsland, sannan ya yi shekaru a wata masana'anta a Sydney. A 1969 aka ɗauke shi jami'in hulɗa a sabon ofishin harkokin 'yan asalin ƙasa, ya zaga ƙasar yana haɗa al'ummomi da gwamnati. An ba shi lambar girmamawa ta daular Ingila, MBE, a 1971, aka naɗa shi majalisar gidan tarihin yaƙi a 1985. Ya rasu a Kanbera ran 2 ga Maris 1990, aka watsa tokarsa a Lake Condah. Zan yi wa yara ɗan bayani a kan wannan al'ada ta ƙona gawa a can, don na san za su tambaya.

27 ga Mayu

Mai gyaran rubutu ta dawo da kwafin. Aikinta ya yi kyau, ta kama wuraren da jimla ta yi tsawo. Shawararta guda ce ban karɓa ba: a rage babin Kirit da na zaman Melbourne, a ƙara wa faɗace-faɗace fili, wai maza sun fi son ƙarar bindiga. Na ce mata, Hajiya, in aka cire matar Labini da filayen Lake Condah, abin da zai rage labarin kowane soja ne. Ta ce to a bar su, amma a ƙara taswirar Kapyong. Na yarda, ta yi gaskiya, tudun nan biyu ba sa fahimtuwa da baki.

Na kuma ƙara sakin layi a kan ƙuri'ar raba gardama ta 27 ga Mayu 1967, wadda fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu zaɓe suka amince a riƙa ƙirga 'yan asalin ƙasar a lissafin jama'a na tsarin mulki, a kuma ba gwamnatin tarayya ikon yi musu dokoki. In babu ita, yaro ba zai gane daga ina ofishin 1969 ya fito ba.

15 ga Yuni

Taswirori huɗu suna hannun mai zane. An aika takardar neman izinin hoton Seymour, ana jiran amsa. Wata malamar tarihi ta yarda ta karanta wa ajinta babi biyu kafin a tafi hutu, ta rubuto mini duk inda yara suka tsaya suna tambaya.

Harry ne bai gamsar da ni ba. Shafi ɗaya da rabi kawai ya samu, kuma yawanci labarin mutuwarsa ne. Zan koma kundin bataliya ta 2/14 daga Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba 1942, in bi su daga Isurava da ke turbar Kokoda har Gona, in ga ko zai samu babin kansa. In ya samu, littafin zai haura shafi sittin, kuma sai na sake zama da maɗaba'a a kan kuɗin takarda.